Ƙafar Maigidana

Tun ina cikin takaba maganar nan take tokare mini ƙirji, na rasa wanda zai zauna ya ji ta daga farko har ƙarshe. Masu zuwa gaisuwa, da an ce Allah ya jiƙansa sai a koma hirar tsadar shinkafa. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Matar ɗana ce ta ɗauko biro ta ce, "Goggo, ki faɗa, ni in rubuta." Na ce mata to, amma in kuka ya zo mini ta jira in share, kuma kada ta yi wa maganata kwalliya. Ba zan kama sunan kowa ba. Shi kansa marigayin ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa yanzu da yake kwance zan fara ba. Maganar ƙafarsa ce ta dama, da yara masu koyon aikin asibiti, waɗanda suka same mu muna da ƙuruciya, suka sake samun mu mun tsufa.

Rugarmu tana bayan Assakio, a bakin wani rafi da ban sani ba ko har yanzu yana kawo ruwa. Mun daɗe a wurin har mun kama noma, amma ɗakunanmu na ciyawa ne. Ina sabuwar amarya a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, ina son mutumin tun kafin manya su yi magana. In na tuna wurin, kunnena ne yake riga idona. Da asuba maruƙa suna kuka a turke suna neman iyayensu. Nono yana faɗawa cikin ƙwarya, da farko da kaifi, in ta fara cika sai ƙarar ta yi laushi. Surukata, wadda nake kira Inna, tana kaɗa gora tana yi wa kaji faɗa kamar suna jin Fulatanci. Daga ƙetaren rafi kuma, a ƙauyen Tibi, ana buga wani tsohon ƙarfen taya da suka rataye a bishiyar mangwaro, shi ne ƙararrawar cocinsu. Matansu suna waƙa a gonar doya, ban taɓa sanin abin da suke faɗa ba, amma har yau ina iya rera muryar. Mu kai musu nono da man shanu, su ba mu doya da riɗi. Da kaka shanunmu su kwana a gonakinsu su bar musu taki. In aka haɗu a hanya sai tsiya, domin akwai wasa tsakanin Fulani da Tibi. Mu ce sun cinye shanun da kakanmu ya ba su ajiya, su ce ai sun bar mana ƙahonin, mu je mu kwashe. Yau in ka yi wa yaro wannan wasa sai ya laluba aljihu ya ji ko wuƙarsa tana nan.

Ruwan sha a tafki ɗaya muke ɗiba, da mu da su da dabbobi. Duk shekara in damina ta kama sai kurkunu ya faɗo wa mutane. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kada ya sa su sani. Bororo ne yake fitowa, yawanci a idon ƙafa, yana zafi kamar an ɗora garwashi, in ya fashe sai ka ga kan wata farar tsutsa siririya kamar zare. In ta fita duka an tsira. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani har abada ba ya sake miƙe ta. Ƙanin surukina haka ya ƙare, yana jan ƙafa, ya bar bin shanu ya koma tsaron maruƙa tare da yara. A daminar farko ta aurenmu abin ya kama maigidana. Saurayi ne dogo, wanda yake wuni a ƙafa daga fitowar rana har faɗuwarta, sai ga shi zaune a inuwa ya rufe ƙafa da mayafi. Bai taɓa cewa wayyo ba. Mu an raine mu a kan namiji ba ya nuna ciwo, balle a gaban mahaifinsa, balle a gaban baƙo. Ni da nake wanke masa da safe a bayan ɗaki ni kaɗai na san yadda haƙoransa suke ƙara.

A wannan daminar ce aka kawo ɗalibai a babbar mota, maza da mata, aka sauke su a ƙauyen Tibi. Aka ce masu koyon aikin jinya ne, za su zauna har kaka suna koya wa mutane tace ruwa. Sun zo da wani farin ƙyalle mai laushi da ake ɗaurawa a bakin randa. Gida-gida suka bi suna rabawa, duk inda aka yi katangar ƙasa an ba shi. Mu ba a zo mana ba. Daga baya muka ji cewa babbansu ya ce ruga ba gida ba ce, gobe za mu tashi, asarar ƙyalle ne. Mu da kabarin kakan maigidana yake bayan garke. Inna da ta ji sai ta ce, "To, kurkunun ma a faɗa masa mu ba 'yan gari ba ne, ya bar mu." Ta ci gaba da kaɗa goranta.

Wata safiya da hantsi sai ga wata yarinya daga cikin ɗaliban ta ƙetaro rafi da takalmi a hannu, gajera, baƙa, da farar riga da jaka a kafaɗa. Ita ma 'yar Tibi ce, amma ta wani gari can wajen Binuwai. Surukina, Baffa, yana zaune yana tufka igiya. Da ya ji harshenta sai ya ce, "A'a. Yau ɓarayin shanu har gida? Kin zo biya ne?"

Ta ajiye takalmi ta durƙusa ta ce, "Baba, na zo ganin sauran ne. Wanda muka ci ya ƙare."

Baffa ya yi dariya har da tari. Aka shimfiɗa mata tabarma. Ta tambayi lafiyar gida, aka ce lafiya lau. Ta dubi maigidana ta ce ko akwai mai ciwo, ya ce babu, yana kallon ƙasa. Ba ta yi gardama ba. Ta ce tana jin ƙishi, da na tashi ɗebo ruwa sai ta biyo ni bayan ɗaki. A can ta ga tsummokin da na wanke na shanya a kan danga. Hausarta ba ta san mace da namiji ba, komai ɗaya ne a bakinta. Ta ce, "Ke amarya, saurayi kamar wannan ba ya zama gida da hantsi. Ƙafa ya kumbura ko?" Na juya na kama ɗebo ruwan. Ta ce, "Ba na tambaya shi. Ke nake tambaya, ke kike wanke." Sai na ji hawaye. Tun da ciwon ya fara babu wanda ya tambaye ni.

Abin da ba ta sani ba shi ne manya sun riga sun yanke shawara za a yi masa sakiya. Ƙarfen da ake yi wa shanu alama da shi za a sa a wuta ya yi ja, a huda kumburin. Haka aka yi wa ƙanin Baffa. Da na faɗa mata sai ta koma wurin tsohon ta sake durƙusawa ta ce, "Baba, ka ba ni ƙafa nan ajiya."

Baffa ya ce, "Ajiya a hannun Tibi? An taɓa yi, mun ga ƙarshenta."

Ta ce, "Wannan ba zan ci ba, ya cika rama. In ban dawo maka da shi ba, ka sa wuta."

Baffa ya ci gaba da tufka igiyarsa. Can ya ce a mayar da ƙarfen.

Daga ranar kullum da sassafe sai ta zo, kafin nasu aikin ya fara, domin babbansu bai so ba, ya ce ba nan aka turo ta ba. Ba ta taɓa buɗe masa ƙafa a gaban mutane ba. Bayan ɗaki muke kai shi, ta sa ya juya fuska wajen garke, ta ce, "Kalli shanunka, kada ka kalle ni." Ta tsoma ƙafar a bokitin ruwa har tsutsar ta leƙo, ta kama kanta ta naɗe a ɗan tsinke, ta ja a hankali. Da ta ji ta ƙi sai ta tsaya, ko da abin da ya fito bai kai gaɓar yatsa ba. Ta wanke, ta shafa magani, ta ɗaure. Ruwan bokitin kuwa sai an kai shi nesa da tafki an zubar a kan busasshiyar ƙasa. Ba waliyyiya ba ce, tana da baki. Ranar da ta ji na bar shi ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, faɗan da ta yi mini ko Inna ba ta taɓa yi mini irinsa ba, na wuni ina kuka ina cewa kada ta sake zuwa. Washegari ta zo da gasasshiyar doya a ganye ta miƙa mini. Nono ma da farko ba ta iya sha, tana toshe hanci, Inna tana ce mata, "Naman kuka iya, ruwan ya gagare ku." Ƙyallen tacewa kuwa nata ta kawo mana, wanda aka ba ta don ruwan shanta, ta ɗaura a randarmu da hannunta, ta ce in ƙishi ya kama ta a nan za ta sha. Ranar da rafi ya cika ya hana ta ƙetarowa, ta tsaya a can bakin tana yi mini nuni da hannu, ni na naɗe tsinken. Ina cikin naɗewa, maigidana ya ce a hankali, "Yi abinki, ba na ji." Ƙarya yake yi, gumi yana zuba a wuyansa.

Gero ya fara fitar da kai ranar da wutsiyar tsutsar ta fito. Ta ɗaga tsinken da abin a naɗe ta kai wa Baffa ta ce, "Baba, ga ɓarawon. Ajiya kuma yana bayan ɗaki, je ka duba." Baffa ya sa aka kama mata zabuwa. Ta karɓa ta ce, "Ka gani? Kai da kanka kake ba Tibi nama, gobe ka ce sata ne." Kafin a yanke dawa maigidana ya koma bin shanu, ko ɗingishi babu, sai tabo kamar kwabo a idon ƙafa. Motarsu ta zo ta kwashe su da kaka. Na raka ta har bakin hanya da ƙwaryar man shanu. Ta faɗa mini sunanta amma harshena bai iya riƙe shi ba, 'Yar Tibi muke ce mata, ita kuma amarya take ce mini. Ban sake ganin ta ba. Ban sani ba ko tana raye.

Da wannan ƙafa ya yi kiwon da ya ciyar da mu har muka aurar da 'ya'ya. Sannan zamani ya juya. Burtali ya zama gona, wasa ya zama gaba. Ba zan shiga wannan ba, kowane ɓangare ya binne nasa, kuma na san matan ƙetaren rafi sun yi kuka irin nawa. Shanun da suka rage muka sayar, muka dawo Lafia wurin ɗanmu mai tuƙa keke, a ɗakin haya a bakin gari. Nan ba maraƙi ne yake tashe ka ba, injin markaɗe ne da janareta da hon. Ga asibitoci, ga kemis a kowane lungu, ruwa ma a leda ake sha, babu mai tacewa. Ka ce ai lafiya ta zo kusa. Amma a ruga magani ya ƙetaro rafi ya same mu, a birni kuwa muna ganin katangarsa daga titi. Maigidana ba ya iya zama haka nan, sai ya ɗaure rago a tsakar gida yana yanko masa ciyawa a bakin kwata. A can ya taka gutsuren kwanon rufi. Bai ma ji ba. Ni na ga jini a takalminsa da yamma. Ƙafar dama ce, a ƙarƙashin babban yatsa. Na koma aikina na da, ruwan ɗumi da gishiri kowace safiya. Mai kemis ya ba mu kafso. Miki ya ƙi rufewa, sai faɗi yake yi, gefensa yana fari. In na ce asibiti ya ce, "Abin da ba ya ciwo? In ɗora wa yaro nauyi a kan ƙurji?"

Ana nan sai aka bi unguwa da lasifika ana shela, wai ɗalibai masu koyon aikin likita da jinya za su zo ranar Asabar su duba mutane kyauta a filin firamare, musamman tsofaffi da marasa ƙarfi. Wallahi na yi murna kamar an ce ɗiyata ce za ta zo. Na ce, "Maigida, ga ƙannen 'Yar Tibi nan tafe." Ya yi murmushi. Da safiyar ranar ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko safar da ɗanmu ya saya masa ya ja ta a kan mikin, ya cusa ƙafar cikin rufaffen takalmi.

Na ce, "Maigida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "Baƙi ne, kuma sa'o'in jikokina. In tsaya a tsakiyar unguwa in buɗe musu ɗoyi? In sun tambaya zan faɗa."

An kafa rumfa, an jera kujerun roba, maza a gefe mata a gefe. Yara ne kyawawa masu fara'a, ba zan yi musu ƙarya ba, suna ta "Sannu Baba, sannu Mama." Ina daga layin mata ina hango shi. Suka ɗaura masa abin awo a hannu, suka soki yatsansa suka ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Wani yaro ya ce masa sugansa ya hau, ya bar shan zaƙi, ya je babban asibiti. Ya tambaye shi da ƙarfi, ga maƙwabta a dama da hagu suna saurare, "Baba, akwai inda yake maka ciwo?" Ya ce, "Babu, alhamdu lillahi." Bai yi ƙarya ba, ƙafar ta daɗe da daina ji. Suka ba shi ƙwayar ciwon jiki da ta tsutsar ciki a 'yar leda. Da yake tsoho ne mai kyau da farin gemu, sai suka kewaye shi suka ce ya yi murmushi, aka ɗauki hoto da waya. Babu wanda ya dubi ƙasa ya ce me ya sa tsoho ya sa safa a wannan zafi na Lafia.

Na bar layina na je na taɓa wata yarinya na ce, "'Yata, ƙafarsa." Ba ta jin Hausa sosai, ta ce, "Mama, layi, layi." Da na koma an cike gurbina, sai na tsaya a baya. Kafin a zo kaina rana ta take, shi kuma ya tafi masallaci. Wadda na samu tana jin magana, ta saurare ni, fuskarta ta canja. Ta ce, "Ina Baban? Ki kawo shi." Na ce ba zai buɗe a nan ba, amma ga gidan can bayan injin markaɗe, ko tuwo ba zai huce ba mun isa. Ta dubi babbansu, shi kuma ya dubi agogo. Ya ce ba a ba su izinin shiga gidaje ba, kuma mota tana jira. Yarinyar ta riƙe hannuna ta ce, "Za mu dawo, Mama." Suka naɗe rumfarsu.

Ki rubuta wannan da kyau, domin nan ne abin ya fi ci mini rai. Da ba su zo ba, wataƙila da mun ci ƙarfinsa. Amma zuwansu ya ba shi garkuwa. Duk lokacin da ɗanmu ya ce a tafi asibiti sai ya ɗaga ledar ƙwayar ya ce, "Likitoci sun duba ni a gaban kowa. Suga ne kawai, na kuwa bar shan shayi." Ni kuma duk Asabar kunnena yana filin firamare. Har yatsan ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi, warin ya kai ragon ma ba ya son matsowa. A keken ɗanmu muka ɗauke shi ba ya gane mutane. Likita ya buɗe ya dube ni ya ce, "Me ya sa ba ku zo da wuri ba?" A can ma akwai ɗalibai masu fararen riguna. Suka kewaye gadon, babban likita ya yaye mayafin yana nuna musu da biro yana Turanci, wasu suna toshe hanci, wasu suna rubutu. Mutumin da ya ƙi buɗe ƙafarsa a gaban maƙwabta. A ranar kam sun gan ta, dukkansu, har sun yi karatu a kanta.

Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Suka ba ɗanmu a naɗe, ya kai maƙabarta ya binne. Na roƙa a bar ni in wanke ta kafin a tafi da ita, aka ce ba a yin haka. Ni da na wanke ta tun tana ta saurayi. Da ya farfaɗo ya laluba wurin ya ji babu, ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Sannan ya ce mini da Fulatanci, don kada na kusa su ji, "Ta riga ni sanin wurin." Bai sake cin abincin kirki ba. Muka dawo da shi gida, ya sa aka sayar da ragon, ya ce ba ya son jin kukansa alhali ba zai iya yanko masa ciyawa ba. Bai daɗe ba. Wata ranar Laraba bayan la'asar ina ba shi ruwa a cokali ya cika. Dakata, 'yar nan, bari in share.

Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma musulma ce. Kuma ban ce yaran nan mugaye ba ne. Sun bar hutunsu sun zo cikin rana ba a biya su ba, an ce ma ana koya musu ne su san halin talaka, kada lafiya ta zama ta masu hali kaɗai. Niyya mai kyau ce. Amma waɗanda suke turo su nake tambaya, halin talaka ana sanin sa daga hantsi zuwa azahar? Inna takan ce mai koyon tatsa tsohuwar saniya ake ba shi, wadda ba ta harbi. Mu ne tsofaffin shanun, ban ƙi ba, a koya a jikinmu. Sai dai mai koyon tatsa a rugarmu gobe ma wurin saniyar nan yake komawa, har ya san ranar da ba ta jin daɗi tun kafin ya taɓa ta. Waɗannan kuwa duk zuwa da sababbin fuskoki, kowa ya ɗauki hotonsa ya tafi. An nuna wa ɗana hoton mahaifinsa a waya, yana murmushi a tsakiyarsu cikin rigar Juma'a. An yanke hoton daga ƙugu, takalmin ma bai fito ba.

Bayan na fita takaba suka sake zuwa. Rumfar ce dai, kujerun ne dai, yaran ne daban. Ɗana ya ce kada in je, na je. Na bi layi. Da aka zo kaina wani yaro ya ce, "Mama, kawo hannu." Na cire takalmana na ɗora ƙafafuna a kan kujerar da ke gabansa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hannu, Mama." Na ce, "Ƙafa." Ya waiwaya yana neman babbansu. Wata yarinya da ke kusa ta sunkuya ta duba, har tsakanin yatsu, ta ce, "Mama, lafiyarsu ƙalau." Na ce na sani. Na kama hannunta na juya ta wajen layin maza. Akwai wani tsoho a can, abokin marigayi, tare suke zuwa masallaci, shi ma daga ruga ya dawo. Yana zaune cikin rigarsa ta Juma'a, da safa, da rufaffen takalmi, rana tana dukan rumfa. An riga an auna shi, ledar ƙwaya tana hannunsa. Na ce mata, "Kin ga wancan? Kada ki tambaye shi a nan, zai ce miki lafiya lau. Matarsa ga ta can mai koren mayafi. Ki ja ta bayan aji ki tambaye ta me take wankewa da safe."

Ta dube shi, ta dubi matar, ta ce, "To, Mama." Ta ajiye abin awon ta miƙe. Daidai nan direbansu ya danna hon, babbansu ya tafa hannu ya ce a fara haɗa kujeru. Na sa takalmana na kama hanyar gida ban waiwaya ba, domin in na ga ta shiga motar nan ba ta je ba, ban san abin da bakina zai faɗa ba. Jiya da azahar tsohon ya wuce ta ƙofarmu za shi masallaci. Har yanzu da safa.